Mako tara ya cika: ina sabon mai gudu zai dosa?

Tsarin koyon gudu da ya fi yawo a wayoyin mutane, wanda ake kira Couch to 5K, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5, na mako tara ne. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, ta ɗauke shi ta mayar da shi manhaja kyauta. A makon farko mutum zai yi sassarfa ta daƙiƙa 60, ya yi tafiya ta daƙiƙa 90, ya yi ta maimaitawa. Sau uku ake fita a mako, mako-mako ana ɗan ƙara masa, har ya kai yana gudun minti 30 ba tsayawa. A Jos ba a rasa masu bin wannan tsari ko makamancinsa, musamman bayan sallar asuba, daga masu zagaya filin wasa na Rwang Pam zuwa masu bin titunan Rayfield da hanyar Lamingo. Ranar da aka cika mako na tara, manhajar za ta taya mutum murna, daga nan ta yi shiru.

Wannan shirun shi ne matsalar. Tsawon wata biyu akwai mai yanke wa mutum hukunci: yau ka fita, gobe ka huta, ka yi minti kaza ka tsaya. Ba ya buƙatar yin tunani, bin umarni kawai yake yi. Da jadawali ya ƙare, kowace safiya sai ya yi shawara da kansa, kuma duk wanda ya san sanyin Jos na watan Disamba ya san yadda shawara tsakanin mutum da bargonsa take ƙarewa. Wasu kan sulale a hankali, yau babu fita, gobe sai jibi, har kambas ɗin ya koma ƙarƙashin gado. Wasu kuma zumuɗi ke ɗibarsu, ka ji mutum yana cewa, "Ai na gama wannan, saura gudun fanfalaki." Na biyun nan sun fi ba ni tsoro, domin su ne ake gani bayan 'yan makonni suna ɗingishi zuwa masallaci.

Kafin komai akwai wani ruɗani da sunan tsarin ke jawowa. An ce kilomita 5, amma abin da ake aunawa a cikinsa lokaci ne. Kafin mutum ya ci kilomita 5 cikin minti 30, sai ya riƙa cinye kowace kilomita cikin minti 6, kuma wannan ba ƙaramin sauri ba ne ga wanda wata biyu da suka wuce hawa bene ke sa shi haki. A filin tsere mai zagayen mita 400, kilomita 5 zagaye goma sha biyu da rabi ne. Da yawa daga masu kammala tsarin za su tarar cewa a minti 30 ɗinsu zagaye tara ko goma suke yi. Babu abin kunya a nan. Sai dai yana nufin cewa ga irin waɗannan, zangon farko da ke gabansu shi ne cika kilomita 5 ɗin kanta, ko da za ta ɗauke su minti 40.

Abin da ya kamata sabon mai gudu ya fahimta game da jikinsa shi ne sassan jikin ba tare suke sabawa da wahala ba. Zuciya da huhu da jini suna da saurin karɓar horo. Cikin 'yan makonni ruwan jini yana ƙaruwa, zuciya tana tura jini mai yawa a kowane bugu, tsoka tana koyon amfani da iska yadda ya kamata. Shi ya sa wanda a makon farko yake jin kamar ƙirjinsa zai tsage, a mako na takwas yake gudu yana kallon gari. Amma ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin su agara da ke bayan diddige, da jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa, da shimfiɗar tafin ƙafa, jini kaɗan ke ratsa yawancinsu, kuma watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwari. A kowane taku na gudu, ƙafa tana karɓar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, kuma a gudun minti 30 ana yin taku kusan 5,000. Wato a ƙarshen mako na tara mutum yana da numfashin da zai kai shi nesa, amma ƙafafun da za su ɗauke shi ba su gama shiri ba. Kamar dakin na kankare ne da aka zuba wa gini: daga sama ya bushe, ana iya takawa, amma duk maginin kirki ya san ba a ɗora masa wani bene a wannan makon. Ciwon ƙwauri, ciwon gwiwa, ciwon diddige da ke kama mutum da ya sauko daga gado da safe, kusan duk daga wannan tazara suke fitowa. Kuma abin da ya sa tarkon ke da kyau shi ne numfashi yana yin gargaɗi nan take, ita kuwa jijiya sai ɓarna ta yi nisa take magana.

Saboda haka ra'ayina shi ne matakin farko bayan kammala tsarin shi ne a tsaya inda ake. Minti 30, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani, har tsawon mako huɗu zuwa shida, ba ƙari. Na san wannan shawara ba ta da armashi. Wanda ya saba ganin ci gaba kowane mako zai ji kamar an ɗaure shi. Amma a waɗannan makonni abubuwa biyu ke faruwa da ba a gani da ido: ƙafa tana kamo zuciya, sannan fitar tana tashi daga umarnin waya tana zama al'ada. Alamar cewa an shirya matsawa ita ce mutum ya gama minti 30 yana jin zai iya ƙara goma, washegari kuma ya tashi babu inda ke masa ciwo.

Ya kamata kuma a faɗi wata gaskiya da masu sayar da kayan gudu ba sa son a cika faɗa: wanda ya zauna a wannan mataki har ƙarshen rayuwarsa bai yi asarar komai ba ta fuskar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi. Gudu yana cikin mai ƙarfi, kuma sau uku na minti 30 ya ba da 90. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya bi mutum sama da 55,000 na tsawon shekara 15, ya gano cewa masu gudu sun fi marasa yi ƙarancin mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma har masu yin ɗan kaɗan, abin da bai wuce minti 5 zuwa 10 a rana ba, sun samu wannan riba. To wanda likita ya tura shi gudu saboda hawan jini ko suga ko teɓa, ya riga ya isa inda aka aike shi. Duk abin da zai ƙara daga nan sha'awa ce, kuma sha'awa ba laifi ba ce, sai dai a san sunanta.

Ga mai son ƙari, abu uku ake iya ƙarawa: tsawon gudu, saurinsa, da yawan ranakun fita. Ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Wanda ya ƙara nisa, ya ƙara sauri, ya kuma mayar da kwana uku zuwa biyar duk a wata ɗaya, ko ya ji ciwo ba zai san wanne ne ya jawo masa ba.

Nisa ya fi dacewa a fara da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a bar gudu biyu na tsakiyar mako yadda suke, a zaɓi rana ɗaya, Asabar ko Lahadi, a riƙa ƙara mata minti biyar. Wannan mako 35, mai zuwa 40, na gaba 45, sai a mako na huɗu a koma 30 ko 35 a bar jiki ya huta, sannan a ci gaba daga inda aka tsaya. Da wannan tafiya, cikin wata biyu zuwa uku mutum zai kai gudun awa guda ko fiye, wanda ga yawancin sababbi shi ne bakin ƙofar kilomita 10. Idan a tsakiyar dogon gudun aka ji buƙatar yin tafiya ta minti ɗaya, a yi. Tsarin da aka gama ya sa mutane suna ɗaukar tafiya a matsayin abin da aka yaye su daga gare shi, alhali akwai masu gama gudun kilomita 42 da wannan dabara ta gudu da tafiya.

Za a ji ana yawan ambaton wata ƙa'ida, wai kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin ɗari a mako. A matsayin linzami tana da amfani, amma ba wahayi ba ce. A birnin Groningen na ƙasar Holan an gwada ta a kan sababbin masu gudu sama da 500, aka wallafa sakamakon a 2008. An raba su biyu, rukuni ɗaya ya bi tsarin mako 13 da aka gina kan wannan ƙa'ida, ɗayan ya bi na mako 8 mai saurin hawa. A ƙarshe kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya ji rauni a kowane ɓangare. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne lissafi kaɗai ba ya kare ƙafa. Nauyin mutum, shekarunsa, tsohon targaɗen da ya taɓa yi a ƙwallo, yawan barcinsa, da irin aikin da yake yi da rana, duk suna cikin lissafin. Ɗan kasuwar da ke wuni a tsaye a Terminus da ma'aikacin da ke wuni a kujera a sakateriya ba za su warke daga gudu iri ɗaya cikin lokaci ɗaya ba.

Sai batun sauri, inda girman kai ya fi yi wa maza illa. Yawancin sababbi gudu ɗaya suka iya, wato wanda ya fi ƙarfin hira amma bai kai tsere ba, kuma shi suke yi kullum. Wannan shi ne gudun da ke gajiyar da mutum ba tare da ya ba shi ribar da ta kai gajiyar ba. Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a ƙasar Norway, ya yi nazarin yadda manyan 'yan wasan juriya ke atisaye, ya ga cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu mai sauƙi ne, sauran ne kawai mai zafi. Idan zakarun duniya haka suke yi, ban ga dalilin da zai sa magidanci ɗan shekara 45 ya riƙa gudu kullum kamar an biyo shi ba. Ma'aunin ba ya buƙatar agogo mai tsada. Idan kana gudu za ka iya amsa gaisuwa cikakkiya, a tambaye ka iyali da aiki da sanyi ka amsa duka ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba, to saurinka daidai ne. Idan ɗaga hannu kawai kake iya yi, ka rage. Wannan ya fi wuya a cikin rukuni, domin da zarar wani matashi ya wuce, sai ka ga dattijo ya ɗaura ɗamarar kamo shi. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana, kuma a gudu nawar kan zo ne a siffar wata guda a zaune da kumburarriyar gwiwa.

Wanda ya kafu, yake son ya ga lokacinsa na kilomita 5 ya ragu, rana ɗaya a mako ta ishe shi. Bayan sassarfa ta minti goma, ya yi minti ɗaya da ɗan zafi, minti biyu a hankali, sau biyar ko shida, sannan ya sassauta ya koma gida.

Mazaunin Jos ma yana da abin da ke yi masa wannan aiki ko bai nema ba, wato tudu. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma da wuya ka yi gudun kilomita uku a cikinsa ba ka haɗu da hawa ba. Hawa yana ƙarfafa cinya da sharaɓa, yana kuma sa zuciya aiki ba tare da ƙafa ta sha dukan da gudun sauri ke jawowa ba. Inda ake samun matsala shi ne gangara. Numfashi yana samun sauƙi, sai mutum ya saki jiki yana watsa dogayen taku, alhali a nan ne gwiwa da gaban cinya suka fi shan wahala. A gangara taku gajeru ake yi. Sannan kada wanda ke gudu a hanyar Dutsen Shere ya riƙa gwada lokacinsa da na abokinsa da ke zagaya tafkin Jabi a Abuja, inda ƙasa ta fi shimfiɗuwa kuma tsayinta bai kai rabin na Jos ba. Shi kuma na Abujan zafi ne abokin gabarsa.

Game da tsayin nan akwai ƙarin gishiri da ake yi. Gaskiya ne Filato ce ta fi suna a Najeriya wajen masu gudun dogon zango, yankin Pankshin ya shahara da su, kuma irin su Deborah Pam da Emmanuel Gyang sun sha fitowa a sahun gaba cikin 'yan gida a gasar fanfalaki ta Legas. Amma garin Iten na Kenya, inda zakarun duniya ke zuwa atisaye, yana kan kusan mita 2,400 ne, ninki biyu na Jos. Abin da Jos ke bai wa sabon mai gudu na zahiri shi ne sanyin safiya da tuddai. Iskar Filato ba ta mayar da kowa zakara, waɗancan shekaru suka yi suna aiki.

Akwai aikin da kusan kowa ke tsallakewa, wato ƙarfafa tsoka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya da na ambata ta ce a yi shi kwana biyu a mako. Ba sai an je gidan ɗaga ƙarfe ba. A tsugunna a miƙe, a hau matakala da ƙafa ɗaya a sauko a hankali, a tsaya a bakin dakali a yi ɗage a sauke diddige, a kwanta rigingine a ɗaga ƙugu sama. Minti 15 sun isa. Tsoka mai ƙarfi ita ce ke shanye dukan da in ba haka ba gaɓa ce za ta sha. Takalmi kuwa, yawancinmu a gwanjo muke saye, kuma a kasuwar Katako ana dacewa da masu kyau. Sai dai kyan sama ba shi ne ma'auni ba. A juya a duba ƙasan ko ya cinye ta gefe ɗaya, a matsa soson da ke tsakiya a ji ko ya mutu. An saba ƙiyasta rayuwar takalmin gudu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, shi kuwa na gwanjo wani ya riga ya ci nasa rabon. A saya da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a bar sararin faɗin babban yatsa a gaba.

Ciwo kala biyu ne, kuma rarrabe su na daga cikin abin da manhaja ba ta koyarwa. Tsamin jiki da ke kama ɓangarori biyu daidai, ya zo kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, ya saki da an ɗan motsa, wannan ba abin damuwa ba ne. Wanda ake tsoro shi ne mai zama wuri ɗaya da za a iya nunawa da yatsa, mai ƙaruwa yayin da ake gudu, ko mai sa mutum ya canza takunsa. Irin wannan a kan ƙashin ƙwauri ko saman ƙafa yana iya zama farkon tsagewar ƙashi, kuma maganinsa a daina gudu a ga likita. Al'adar shiga kemis a haɗo maganin ciwo a sha kafin fita mummuna ce, domin tana toshe bakin mai gargaɗi ne kawai, wasu magungunan kuma suna wahalar da ƙoda idan jiki ya rasa ruwa. Mai zazzaɓi ba ya gudu, ko na cizon sauro ne ko na mura, sai ya warke ya ƙara kwanaki. Ciwon ƙirji, jiri, ko bugun zuciya da ya rikice a tsakiyar gudu, a tsaya nan take a nufi asibiti. Mai hawan jini, mai ciwon suga da mai sikila su nemi shawarar likitansu kafin su ƙara nisa ko sauri.

Wani abin da tsarin da aka rubuta a Amurka ko Ingila bai san da shi ba shi ne kalandarmu. A hunturu, ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ko yawan tari gara ya yi atisayensa a ɗaki. A damina, musamman Yuli da Agusta, ruwan Jos kan cinye safiya ɗungurungum, don haka gara mutum ya ƙudurta sau uku a mako ba tare da ya kafe kan takamaiman ranaku ba. Sai azumi, wanda ke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ramadan watan riƙe abin da ake da shi ne. Gudu mai sauƙi na minti 20 sau biyu a mako, dab da shan ruwa ko bayan an sha ruwa abinci ya faɗa, ya isa ya hana komawa baya sosai. Wanda kuma ya ajiye gaba ɗaya, ya sani cewa juriya kan fara raguwa bayan mako biyu zuwa huɗu na zama. Bayan salla kada ya ɗora daga inda ya tsaya, ya koma kamar mako na biyar ko na shida na tsohon tsarinsa ya sake hawowa. Hawan na biyu ya fi na farko sauri nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi maye gurbin muryar manhaja shi ne mutum. Wanda ya san akwai mai jiransa a bakin layi ƙarfe shida zai tashi ko yana so ko ba ya so. Ga mata wannan ya wuce batun ƙarfafa gwiwa, ya haɗa da tsaro da kuma bakin mutane, shi ya sa da yawa suka fi sakewa su fita su uku ko huɗu, ko su zaɓi fili mai katanga kamar na makaranta. Duk mai bin titi kuma ya bi gefen hagu yana fuskantar motoci da keke, ya sa tufa mai haske idan gari bai gama wayewa ba, ya bar kunne ɗaya a buɗe.

Gasa tana da amfani domin tana dawo da abin da aka rasa, wato rana tsayayya da ake shiri dominta. Amma a bi ta daki-daki. Kilomita 5 tukuna, ko da tsakanin abokai ne a fili da agogon waya, sannan 10. Tseren Okpekpe na jihar Edo, wanda aka fara a 2013, na kilomita 10 ne kuma hanyarsa tuddai ce, abin da ɗan Jos ya saba da shi. Gasar Legas, wadda aka fara a 2016 kuma aka saba yi a watan Fabrairu, cikakken zangonta kilomita 42.195 ne, tana kuma da rukunin kilomita 10. Rabin fanfalaki, kilomita 21.1, ina ganin sai mutum ya shekara yana gudu a kai a kai kafin ya sa shi a gaba, cikakken kuwa sai bayan haka, domin shirinsa kaɗai yakan ci wata huɗu zuwa biyar a kan ginin da aka riga aka yi. Wanda ya yi duk atisayensa a sanyin asubar Jos kuma ya nufi Legas, ya sa a ransa cewa zafi da gumin bakin teku za su rage masa sauri. A makonnin ƙarshe ya mayar da wasu fitarsa zuwa hantsi don jiki ya ɗanɗana zafi, ranar gasa kuma ya fara a hankali fiye da yadda ya saba, ya sha ruwa tun ƙishi bai kama shi ba.